Allurar Tazarar Haihuwa: A Yi Bayani Kafin A Soka

 Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato, cikin matan aure ɗari, kusan biyu ne kacal ke amfani da hanyar zamani ta ba da tazarar haihuwa, alhali a matsakaici mace kan haifi 'ya'ya bakwai. Da an ambaci wannan sai a ɗora laifin a kan addini, ko taurin kan maza. Ba na musun cewa akwai mazan da ke hanawa, amma babban abin da ke korar matanmu daga allurar wata uku shi ne rashin bayani. A soka wa mace allura, a miƙa mata kati, a ce ta dawo bayan wata uku. Ba bayani.

Allurar nan, ko Depo ce ko Sayana Press, aikinta hana ƙwan mace fita, kuma tana taɓa al'ada. A watannin farko mata da yawa kan ga ɗigon jini ba kan ƙa'ida ba, wasu ya ɗauke su kwanaki masu yawa. Daga baya wasu al'adar kan ɗauke musu gaba ɗaya, wasu su ƙara ƙiba. In mace ta daina, ciki kan yi jinkiri, wani lokaci har kusan shekara, amma allurar ba ta kashe haihuwa. Duk mai riƙe da sirinji ya san wannan. To me ya hana a faɗa? Ku duba halin matar da ta yi mako uku tana ganin jini. Ta ɗauki buta ta ajiye, ba ta san ko ta yi salla ba. Azumi ya zo, ba ta san matsayinta ba. Maigida ya fara tambaya, uwar miji ta ji, kafin sunan da za a yi a maƙwabta duk unguwa ta ɗauka allura ta lalata mata mahaifa. Wata kuma al'adarta ta tsaya, aka ce mata jinin taruwa yake yi a ciki. Ba ya taruwa, domin shimfiɗar mahaifar da ke zuba duk wata ce ba ta yin kauri. Magana ce ta minti biyar, amma ba a yi ta ba, kuma mace ɗaya da aka soka ba bayani ta isa ta hana mata goma zuwa asibiti.

Wani zai ce ko an yi bayanin, malamai ba za su yarda ba. Malamai da yawa sun halatta tazara in miji da mata sun amince, suna kafa hujja da shekara biyu na shayarwa da Alƙur'ani ya ambata, da azalu da Sahabbai suka yi a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. Iyayenmu ma ba su taɓa son kwanika ba, sun san yadda take tsotse uwa ta nakasa na goye. Hukumar Lafiya ta Duniya shawararta ke nan, a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Abin da muke roƙon malamanmu shi ne su ƙarasa aikin. A fiƙihun Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya zarce jinin ciwo ne, mace za ta yi wanka ta ci gaba da salla da azumi. Matan Islamiyya nawa aka haɗa musu wannan babi da batun allura? A ƙasar nan Nana Asma'u ta tura jajoji ƙauye-ƙauye suna koya wa mata hukuncin tsarki da ibada. Ba kunya aka bar mana gado ba a wannan fage.

Yanzu masu bincike na gwajin allurar da za ta kai wata shida, kuma akwai masu ganin ita ce maganin matsalarmu. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Wanda ya san gabashin Sakkwato ya san abin da zuwa asibiti sau huɗu a shekara yake nufi: kuɗin kabu-kabu, hanyar fadamar Rima da damina, da fargabar 'yan bindiga. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba. Mace ta sayar da 'yar tafarnuwarta ta biya kuɗin mashin, ta isa ta tarar ɗakin shan magani a rufe, ko a ce allura ta ƙare, ta koma mako mai zuwa. Wannan zalunci ne, kuma wanda ya ce mata su ba da tazara alhali bai ajiye magani da ma'aikaciya kusa da su ba, bai cika alkawari ba.

Sai dai a lura da wani abu. Ashanar tazara da ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu, wadda ke kai shekara uku ko biyar, in mace ta ga ba ta karɓe ta ba, ana iya cire mata. Allura kuwa in ta shiga ta shiga, ba mai zaro ta. Wadda ta sha wahalar wata uku ba bayani, yaya za ta yi da wata shida? Duk yadda allura ta ƙara tsawo, haka nauyin bayani yake ƙaruwa a kan mai yin ta. Saboda haka ma'aikaciyar lafiya ta zaunar da mace ta gaya mata abin da za ta gani, da inda za ta dawo in jinin ya yi yawa, domin akwai maganin da ke rage shi. A yi bayanin a gaban maigida in matar ta so, tunda shi zai fara tambaya. Masu kemis da ke yin allurar a bayan kanta kuwa, in ba za su iya amsa tambayar mace kan jininta ba, su tura ta asibiti.