Wanda Ya Ɗaure Kare Ya Ɗauki Haƙƙinsa

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, ƙasar Gaya da Ajingi takan shiga bazara, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, wata rana ma ya zarce. Kowa yakan nemi mafita. Dattawa su koma gindin darbejiya, mata su yayyafa wa tsakar gida ruwa, makiyayi ya kora shanu inuwa tun hantsi bai dubi ludayi ba. Akuya da kaza ma akwai mai tunawa da su, domin kuɗi ne. Dabbar da aka fi mantawa da ita ita ce kare, musamman ƙarami: ɗan kwikwiyon da yara suka ɗaure da igiya a bayan danga, da ɗan karen ƙasar waje mai yalwar gashi da wani ma'aikaci ya sayo daga birni ya kulle a kejin ƙarfe.

Abin da nake son kafawa a nan shi ne, barin kare a ɗaure cikin rana ba ruwa ba inuwa zalunci ne, kuma hujjojin da muke fakewa da su ba su da ƙafar tsayawa, ko a mazhabar da muke bi ko a hankali.

Yadda zafi ke kashe kare

Ɗan Adam yana da gumi a duk jikinsa, iska ta busa ya ji sanyi. Kare ba shi da wannan gata. Ɗan gumin da ke sanyaya shi a tafin ƙafarsa yake, sauran aikin kuwa haki ne ke yi: ya zaro harshe, danshin baki da hanci ya riƙa tashi yana tafiya da zafi. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39. Idan ya haura 41 an shiga haɗari, domin daga nan ƙoda da hanta da hanji da ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa, jini ma ya rikice. To, a duba lissafin: a ranar da iskar da yake shaƙa ta kai digiri 40, da me hakin zai yi aiki in babu ruwan da zai mayar da danshin da ke fita?

Ƙaramin kare kuma yana da ƙarin matsala. Ma'aunin da hukumar hasashen yanayi ke sanarwa a inuwa ake ɗaukarsa, sama da ƙasa. Shi kuwa kwikwiyo cikinsa bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, kuma kwalta da daɓen siminti da yashi sukan wuce digiri 60 da tsakar rana irin wannan. Tafin ƙafarsa yakan ƙone, zafin ƙasa ya dake shi ta ƙasa, rana ta dake shi ta sama. Jikin kwikwiyo bai gama ƙwarewa wajen daidaita zafi ba, ruwan jikinsa kuma kaɗan ne, ba ya daɗewa ya ƙafe.

A shekarar 2020 masu bincike a Ingila suka fitar da sakamakon nazarin bayanan asibiti na karnuka sama da 900,000. Sun gano cewa a cikin karnukan da zafi ya kayar, kusan ɗaya cikin bakwai ya mutu, kuma masu gajeren hanci da masu ƙiba suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗari. Sun kuma gano cewa kusan kashi 74 cikin 100 na matsalar daga guje-guje da motsa jiki ta samo asali. Wannan a Ingila ke nan, ƙasar da ake kukan zafi idan ma'auni ya kai digiri 30. Sai mai karatu ya kwatanta da karen farauta da ke bin zomo a dajin gabashin Kano a watan Afrilu, bayan an yi tafiya da shi cunkushe a bayan mota.

Batun najasa

Da zarar an ɗaga wannan magana, amsar farko ita ce kare najasa ne. Abin mamaki, littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman Gaya da Ajingi ba haka suka ce ba. A mazhabar Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har da guminsa da yawunsa, kuma kare yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a cikinta, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni na ibada. Wasu mazhabobi, kamar ta Shafi'iyya, suna ganin najasarsa, wannan gaskiya ne. Amma ko a wurinsu babu wanda ya ce najasa ta halatta a bar rai ya mutu da ƙishirwa. Zuba ruwa a kasko daga nesa ba ya ɓata wa kowa alwala.

Hasali ma, hadisin da ya fi shahara kan jinƙan dabba a kan kare ya zo. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai haki don ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Imam Malik ma ya kawo shi a Muwaɗɗa. Akwai kuma matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Laifinta shi ne tsarewa tare da hanawa. Wannan shi ne ainihin siffar kwikwiyon da aka ɗaure a turke cikin rana. Karen da ke yawo ya san inda zai tona ƙasa mai danshi ya kwanta, ya san bakin rijiya da ƙarƙashin rumbu. Wanda aka ɗaure an ƙwace masa wannan dabara, saboda haka duk abin da ya same shi yana wuyan mai igiya.

Za a ce ai an hana ajiye kare ba tare da buƙata ba, har ladan mai yin haka yana raguwa. Haka ne, kuma Risala ta taƙaita izinin ga gadin gona da dabbobi da farauta. Masu sharhinta sun ruwaito cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don tsaron gidansa sa'ad da katangarsa ta faɗi a zamanin tsoro. Sai dai wannan hujja kanmu take dawowa. In ba ka da buƙata, kada ka ajiye. In kuwa ka ajiye don ya tsare maka awaki daga ɓarayi, ko ya kamo maka nama, to ka ci moriyarsa, kuma ba a cin moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Mutane ma suna wahala

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na raina ta. A bazara rijiyoyi kan ja baya, 'yan garuwa su ƙara kuɗi, mata da yara su yi layi a rijiyar burtsatse. Zafi kuma yana kashe mutane: a farkon Afrilun 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da marasa lafiya. A irin wannan hali, wa ke da lokacin kare?

Amsar tana cikin lissafi. Kare yana buƙatar kusan mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Kwikwiyo mai kilo biyar, ko an ninka masa saboda zafi, bai wuce leda ɗaya da 'yan kai ta ruwan sayarwa ba. Jarka guda mai lita 25 za ta ishe shi fiye da wata. Ruwan da muke zubarwa wajen wanke babur ya fi haka. Inuwa kuwa zana biyu da itace huɗu ne. Gidan da ya kasa wannan ba talauci ne ya hana shi ba, rashin kula ne.

Laifin masu ilimi

A nan ne nake ganin mu masu boko mun fi kowa abin zargi. Karen gida da muka gada siriri ne, mai gajeren gashi da dogon hanci da dogayen ƙafafu, jikinsa ya saba da ƙasar nan. Shi muke rainawa, mu je mu sayo Lhasa Apso, wanda asalinsa tsaunukan Tibet ne masu ƙanƙara, ko Pug mai lotsattsen hanci da ko a sanyi da ƙyar yake numfashi. Sai mu gina masa ɗan akurki mai rufin kwano a kan siminti, daidai inda rana ke faɗawa, mu tafi ofis. Wani kuma ya bar shi a mota ya shiga kasuwa, alhali zafin cikin rufaffiyar mota yakan ƙaru da kusan digiri 20 cikin sa'a guda, sassauta gilashi kuma ba ya hana hakan. Mafarauci aƙalla ya san sunan karensa, ya san ranar da ya gaji. Mu kuwa mun sayi rai kamar yadda ake sayen kujerar falo.

Abin da ya wajaba

Ruwa ya kasance a gabansa kullum, a kaskon ƙasa mai nauyi da ba zai kife ba, a ajiye shi a inuwa. Inuwar ta zama ta bishiya ko rumfar zana, a kuma tuna cewa inuwa tana tafiya: turken da ke da inuwa da safe yana iya zama cikin rana da azahar. A jiƙa masa ƙasa ya kwanta a kai. Fita da shi ta zama da asuba ko bayan magariba, kuma kafin a fita a ɗora bayan hannu a ƙasa na 'yan daƙiƙoƙi. Abin da hannu bai jure ba, ƙafarsa ba za ta jure ba. Mafarauta su huta daga hantsi zuwa la'asar, su tafi da ruwan karnuka kamar yadda suke tafiya da nasu.

Idan aka ga haki mai tsanani, da dalalar yawu, da jan dasashi, da tangaɗi ko amai, a kai shi inuwa nan take, a riƙa kwarara masa ruwan randa a jiki ana yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, domin yana riƙe zafi, kada kuma a ɗura masa ruwa a baki. A fara sanyaya shi, sannan a nemi malamin dabbobi. Akwai kuma abin lura: dalala da tangaɗi suna kama da alamun haukan kare, cutar da ke kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara. Saboda haka baƙon kare mai irin wannan alama ba a taɓa shi da hannu, wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya garzaya asibiti. Amma karenka da ka yi wa allurar rigakafi, ka kuma san rana ce ta kayar da shi, ruwa yake buƙata, ba sanda ba.

Masarautar Gaya, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da shugabannin mafarauta waɗanda ake jin maganarsu. Limaman Juma'a suna da hadisin a hannu. Huɗuba guda a farkon Maris, da jan kunne guda kafin a fita farauta, za su yi abin da takardar doka ba ta yi ba. Kafin nan, duk mai kare a gida ya fita da azahar ya duba inda inuwa ta tsaya da inda igiya ta ƙare. In ba su haɗu ba, ya matsar da turken.