Bin sawun kuɗin jama'a ba aikin 'yan Abuja kaɗai ba ne

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan masu haƙar zinare na jihar Zamfara, annobar da ta ci rayukan yara sama da 400. Garin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ya daɗe yana jiran a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, domin likitocin ƙungiyar MSF sun ce magani ba zai yi amfani ba matuƙar yaro zai koma wasa cikin gubar. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi, sai aka ji shiru. Sai da matasan Follow The Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal, da wasu ƙungiyoyi suka hana hukuma sakat, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013.

Wannan jarida na jinjina wa irin wannan aiki. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a Legas a 2011, tana warware kasafin kuɗi yadda mai karatu zai gane, shirinta na Tracka kuma yana zuwa har inda aka ce an gina aji ko an haƙa rijiyar burtsatse, ya duba ko da gaske ne. Ƙungiyar SERAP kotu take maka hukumomi. Ƙungiyar CISLAC kuma tana sa ido kan majalisa.

Sai dai akwai gyara. Yawancin rahotannin waɗannan ƙungiyoyi da Turanci ake rubuta su, a ƙaddamar a otal-otal na Abuja, alhali wanda aka cinye kuɗin asibitinsa yana ƙauye da rediyo a kunne. Me zai hana a karanta masa ayyukan mazaɓarsa da Hausa, da sunan ɗan kwangila da adadin da aka biya shi? Haka kuma, mai neman a buɗe masa littafin gwamnati dole ya buɗe nasa, jama'a su san wa ke ba shi kuɗi da yadda yake kashewa.

Tun 2011 Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma takarda, ta amsa cikin kwana 7. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Muna kira ga ƙungiyoyin unguwa, limamai, 'yan kasuwa da malaman makaranta da su je sakatariyar ƙaramar hukumarsu su tambayi nawa ya shigo a watan nan, kuma ina aka kai shi.