Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Tun da farko bari mu kawar da wani zargi. Ba ma cikin masu cewa korona ƙarya ce, ko cutar masu yawo a jirgin sama. Duk wanda ke da dangi a Kano bai manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da masu haƙar kabari suka gaji, aka wayi gari kowace unguwa da tabarmar makoki. A watan Yuni na shekarar, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, akasarinsu dattawa, kuma fiye da rabinsu ana kyautata zaton annobar ce sanadi. Saboda haka ba da cutar muke jayayya ba. Jayayyarmu da maganin da aka ɗura mana ne, da kuma waɗanda suka ɗura shi ba tare da sun dubi bakin majinyacin ba.

A watan Maris aka rufe makarantu. Ranar 30 ga watan dokar kulle ta hau kan Legas da Ogun da Abuja, sannan ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya ƙara da Kano, ana cikin azumi. An ce kowa ya zauna a gida, ya ba da tazara, ya yawaita wanke hannu, ya nesanta tsofaffi da yara. Madalla. To amma wane gida ake nufi? Gidan da ke cikin zuciyar masu dokar gida ne irin na Landan, mai firji cike da abinci, da famfo mai zuba, da albashi mai shigowa ko an fita ko ba a fita ba, da tsohuwa a can nata gidan ita kaɗai. Wannan zane aka aro, aka ce ɗan dako na kasuwar Mile 12 da ɗan garuwa na Agege da mai yankan farce na Sabon Ibadan su ɗaura. Mutumin da sai ya fita da safe za a ɗora tukunya da yamma, an ce masa ya zaɓa tsakanin yunwa da kulkin ɗan sanda. Ba mu ƙaga ba: Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ƙirga mutum 18 da jami'an tsaro suka kashe a makonni biyun farko, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a lokacin.

Inda abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne batun tsofaffi. Sanin kowa ne cewa a gidan Bahaushe kaka ita ce gidan reno. Ita ke goyon yaye, a ɗakinta jikoki ke kwana, a kwanonta suke tsoma hannu. Da aka rufe makarantar boko da ta Islamiyya rana ɗaya, ina aka zaci yaran za su nufa? Uwa ma'aikaciyar jinya dole ta tafi aiki, uwa mai tuyar ƙosai dole ta saci hanya ta fita, sai aka tattara yara aka jibge wa tsohuwar da aka ce dominta ake kullen. Wato dokar da aka kafa don raba jika da kaka ita ce ta haɗa su a ɗaki guda dare da rana. An gudu gara, an faɗa wa zago.

Kuma tsohon da ke fama da hawan jini ko ciwon sukari, ya zai yi? Babu mota a titi, asibitoci masu zaman kansu da dama sun ja ƙofa don tsoro, ɗan da ke kawo kuɗin magani an tsare shi a wata jiha. Da mace-macen Kano suka yi ƙamari, hukumomin jihar sun ce hawan jini ne da sukari da sanƙarau da zazzaɓi. Ko da mun yarda da su, ai sun yanke wa kansu hukunci, domin waɗannan cututtuka ne da ake jinyarsu a tashi, idan an bar ƙofar asibiti a buɗe.

Yara kuwa an ce su yi karatu ta rediyo da talabijin da intanet. Ɗan mai hali ya yi. Ɗan talaka da ke jiran wutar Nepa, a gidan da waya ɗaya ce kuma tana aljihun maigida, ya shafe wata shida ba alli ba allo. Wasu sun kama tallar da ba su sake ajiyewa ba, wasu 'yan matan kuma kafin a buɗe makaranta an kai su ɗaki. Ana cikin haka Ma'aikatar Jinƙai ta sanar da cewa ta kashe fiye da naira miliyan 500 wajen ciyar da 'yan makaranta a gidajensu a Abuja da Legas da Ogun. Ciyar da 'yan makaranta alhali makaranta na kulle! Almajirai su ko wannan ba'ar ba su samu ba. Gwamnonin Arewa sun loda su a motoci kamar buhunan gero, kowa na mayar wa maƙwabcinsa, a daidai lokacin da aka haramta zirga-zirga tsakanin jihohi. Da aka gwada waɗanda suka isa Kaduna daga Kano, an sami da dama ɗauke da cutar. Gwamnati da kanta ta yi wa annoba dako.

Su manyan fa? Ranar 18 ga Afrilu aka yi jana'izar Abba Kyari a maƙabartar Gudu, kafaɗa da kafaɗa, a idon duniya, alhali talaka na binne mahaifinsa a ɓoye kamar wanda ya yi sata. Jiragen cikin gida sun koma tashi a watan Yuli. A watan Satumba an cika filaye maƙil da taron siyasa domin zaɓen gwamnan Edo. Amma ɗan aji uku na firamare sai a watan Oktoba aka ga damar buɗe masa aji. Ashe cutar ta san katin jam'iyya.

Laifi tudu ne, don haka mu taka namu. Mu malaman jami'a mun shiga yajin aiki a watan Maris, ba mu janye ba sai ranar 23 ga Disamba. Muna da hujjojinmu, har gobe muna tsaye a kansu, amma ɗaliban da ke karanta wannan mujalla sun san wanda ya biya kuɗin wata taran nan. Kuma mu da muka san yadda gidan Bahaushe yake, wa ya ji muryarmu lokacin da ake yanka wannan zane?

A watan Oktoba na 2020 jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa. Suka tarar da shinkafa da taliya da sukari jibge har rufi, da tambarin tallafin korona a jikin buhunan, wata biyar bayan azumin da tsofaffinmu suka yi buɗa-baki da ruwa.