Kofi, Shayi da Goro: Duk Kanwar Ja Ce



Da zarar mace ta samu juna biyu, a gidaje da yawa abin da ake fara hana ta shi ne gahawa, wadda yawancinmu muke kira kofi. Uwar miji ta ce tana zubar da ciki, ƙawa ta ce tana busar da jini, maƙwabciya ta ce yaron zai zo da rigima. Sai ta ajiye gwangwanin, hankalin kowa ya kwanta. Amma da safe za ta jefa ganyen shayi biyu a kofi ɗaya don ya yi kauri, da rana ta kora abinci da baƙin lemon kwalba, da la'asar a gidan suna a miƙo mata goro ta ɓare. Babu mai ce mata uffan. Alhali abin da ake gudu a gahawa yana cikin dukkan ukun nan.

Sunansa kafeyin. Tun daga lokacin da kika farka, wani sinadari da ake kira adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarki, shi ne mai sanar da jiki cewa an gaji, a je a kwanta. Kafeyin yakan je ya zauna a mazauninsa, sai saƙon ya kasa isa. Wato gajiyar tana nan daram, rufe mata baki kawai aka yi. Shi ya sa idan ƙarfinsa ya sake ki, sai ki ji kamar an doke ki da taɓarya.

Ga lissafin yadda hukumar lafiya ta Ingila take ba masu ciki: babban kofi ɗaya na gahawar gari, irin wadda ake zubawa a ruwan zafi ta narke, yana da kimanin miligiram 100 na kafeyin. Na shayi kimanin 75. Gwangwanin baƙin lemo kimanin 40. Shi kuwa goro, a busasshen nauyinsa, kafeyin ɗin da ke ciki ya kai kashi 2 cikin 100 ko fiye, ya ma ɗara na irin gahawar da ake kira arabika. Har a magani yana nan: kowace ƙwayar Panadol Extra tana ɗauke da miligiram 65.

Babban mutum mai lafiya, in ji hukumar kula da ingancin abinci ta Turai a 2015, zai iya shan har miligiram 400 a wuni ba tare da damuwa ba. Mai ciki kuwa rabin haka, wato 200. Dalilin ragewar yana da kyau ki san shi. A jikin wadda ba ta da ciki, hanta takan ɗauki kamar awa 5 kafin ta kawar da rabin abin da aka sha. A watannin ƙarshe na ciki wannan lokaci yakan ninka sau biyu zuwa uku. Kuma kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta ƙware wajen sarrafa shi ba tukuna. Bincike ya alaƙanta yawan shansa da haihuwar jariri marar nauyi, da kuma ɓari. Don haka uwar miji ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Inda ta kuskure shi ne ɗora laifin a kan gwangwani ɗaya. Mai cikin da ta sha kofi ɗaya na gahawa da safe ta tsaya nan, ta fi zama cikin iyaka a kan wadda ba ta taɓa gahawa amma ta sha shayi uku ta bi da goro.

Mai shayarwa ma ta riƙe wannan iyakar, musamman a makonnin jego. Ɗan kaɗan ne ke shiga nono, amma jariri sabon haihuwa yakan yi kwanaki kafin jikinsa ya fitar da shi. Idan kin lura jaririnki ba ya samun barci, yana ta mutsu-mutsu, kafin a ɗauko rubutu ko a ce mayu ne, ki duba fulas ɗin shayin da ke gefen gadonki.

Maganar "busar da jini" ita ce na fi so mu tsaya a kai, don akwai gaskiya a cikinta da ba a faɗa daidai. Gahawa ba ta shanye jinin kowa. Abin da take yi shi ne, idan aka sha ta tare da abinci, wasu sinadarai da ke cikinta sukan kama ayon ɗin da ke cikin wake, zogale, alayyahu da hatsi, su hana hanji tsotse shi yadda ya kamata. Ayon kuwa da shi jiki ke gina jini. Kuma a wannan aika-aika, shayi ya fi gahawa ɓarna. Ki tuna binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya gano fiye da rabin matan da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Ga mace an ba ta jan maganin ƙarin jini a wajen awo, ta dawo gida tana haɗiyarsa da shayi mai kauri kullum safe, sannan a awo na gaba a ce jininta bai ƙaru ba, ta ce maganin asibiti ba ya aiki. Ki sha maganin da ruwa, ko ki haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba, don suna taimaka wa ayon shiga jiki. Shayi ko gahawa su jira aƙalla awa ɗaya bayan abinci, biyu ma ya fi.

Ciwon daji fa? A 1991 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya saka gahawa cikin abubuwan da ake zargi. A 2016, bayan sake duba ɗimbin bincike, ya cire ta. Amma a zama ɗaya ya ja kunne a kan wani abu da ya fi shafarmu: shan kowane irin abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65, don ana kyautata zaton yana jawo ciwon daji na maƙogwaro. Mu da muke ganin shayi ko kunu bai yi ba sai yana ƙona harshe, wannan gargaɗin namu ne. Ki bar shi ya sha iska.

Sauran zarge-zargen ba su da nauyi sosai. Cewa tana ƙarar da ruwan jiki: takan ɗan ƙara fitsari ga wadda ba ta saba ba, amma ruwan da ke cikin kofin ya fi wanda zai fita. Gyambon ciki: ƙwayar cuta ce da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen suka fi kawo shi, sai dai gahawa tana iya tayar da ƙwannafi, kuma in tana tayar miki, jikinki ya riga ya ba ki amsa. Hawan jini: takan ɗaga shi na 'yan awoyi, saboda haka mai hawan jinin da bai daidaita ba ta yi magana da likitanta, kuma kada ta sha dab da zuwa awo.

Akwai kuma masu zuzuta ta, su ce tana maganin ciwon suga. Gaskiya ne bincike da yawa sun ga masu shan gahawa ba su cika kamuwa da shi kamar waɗanda ba sa sha ba, amma wannan bai mayar da ita magani ba. Balle ƙaramar ledar nan mai haɗi uku, wadda in kin juya bayanta kika karanta, sau da yawa suga ne a sahun gaba. Wadda nake so ki yi nesa da ita ƙwarai ita ce "kofin rage ƙiba" da ake tallatawa a WhatsApp da Instagram. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sibutramin a ɓoye cikin irin waɗannan, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Idan kofi ya sa ki rasa cin abinci, bakinki ya bushe, zuciya na dukan uku-uku, ba gahawa ce kaɗai a ciki ba.

Yara kuma, babu hujjar cewa gahawa tana hana su tsayi. Barcinsu take ci, kuma likitocin yara ba sa goyon bayan ba su ita, balle lemukan ƙara kuzari. Na san lokacin WAEC da JAMB wasu iyaye da hannunsu suke haɗa wa yaro mai ƙarfi don ya kwana karatu. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta, saboda haka yaron da ya kwana ido biyu ya zuba ruwa a kwando ne. Gara ya kwanta da wuri a tashe shi da asuba.

Ke ma da kika saba da kofinki ko goronki kullum, ciwon kan da ke kama ki a ranakun farko na azumi ba yunwa ce kaɗai ba. Jikin da ya saba da kafeyin yakan fara ƙorafi awa 12 zuwa 24 bayan an yanke masa. Idan watan Sha'aban ya raba, ki fara ragewa sannu a hankali, rabin cokali maimakon cokali, ɓari ɗaya na goro maimakon guda. Haka ma idan gwaji ya nuna kina da ciki alhali kin saba da kofi uku ko huɗu a rana: ki sauko mataki-mataki cikin mako ɗaya ko biyu, kuma a zuwanki awo na farko ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya adadin da kike sha, har da shayi da goro.