IN SO YA KUƁUCE, KADA MUTUNCI YA BI SHI

Akwai wani ciwo wanda ba a kai shi asibiti, ba a kuma rubuta sunansa cikin takardar neman hutu, amma ya kan kwantar da saurayi fiye da yadda zazzaɓi ke kwantar da shi. Shi ne ciwon wanda ya so yarinya, ya ɗora dukan burinsa a kanta, sa'an nan ya wayi gari ta zama ta wani. Ko wane shugaban makaranta da ko wane babban akawu ya san alamarsa. Malamin da ke riga kowa zuwa ya koma sai an buga ƙararrawa a ke hango shi, akawun da ba a taɓa kama shi da kuskure ba ya koma yana jera sifiri inda ba wurinsa ba. Manya su kan yi masa dariya, su ce, mata sun ƙare ne a duniya? Tsararsa kuwa su kan zuga shi, su ce kada ya yarda, ya rama. A ganinmu duka biyun ba su yi masa adalci ba, kuma na biyun sun fi cutar da shi.

Domin mu bayyana ra'ayinmu sosai, bari mu ɗauko labarin wani magatakarda wanda wannan ciwo ya kama shekaru kusan 1,000 da su ka wuce, a ƙasar Andalus, watau inda Sifen ta ke yanzu. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga malamanmu, gama Alfazazi mai Ishiriniya mutumin Ƙurɗuba ne, Ibnu Asim mai Tuhfa kuwa, wadda alƙalanmu su ka daɗe suna dubawa, alƙalin Garnaɗa ne. Sunan magatakardan Ahmadu Ibnu Zaiduna.

An haife shi a Ƙurɗuba cikin 1003, a gidan ilmi da daraja. Ya buɗe ido ya tarar da birnin da ba shi da na biyu a Yammacin duniyar Musulmi, amma yana ɗan shekara 6 fitina ta tashi, cikin 1009, 'yan gidan sarautar Umayyawa da sojojinsu su ka shiga yaƙar juna. Madinatuz Zahra, birnin fada wanda Halifa Abdurrahmanu na Uku ya fara ginawa cikin 936 mil 5 yamma da gari, aka washe shi aka bar shi kufai. Cikin 1031 manyan Ƙurɗuba su ka taru su ka soke halifancin ɗungum, su ka danƙa al'amarin gari ga Abul Hazmi Ibnu Jahwar, ƙasa kuwa ta tsattsage ta zama ƙananan sarautu fiye da 20. Ibnu Zaiduna yana cikin samarin da su ka goyi bayan sabon tsarin, kuma saboda kaifin alƙalaminsa aka jawo shi fada aka ba shi wazirci tun bai daɗe da shiga shekarun girma ba. Ga ilmi, ga muƙami, ga ƙuruciya. Duk wanda ya gan shi a lokacin sai ya ce duniya ta miƙa masa wuya.

A cikin wannan hali ya haɗu da Wallada, 'yar Halifa Mustakfi wanda ya yi sarauta daga 1024 zuwa 1025. Mace ce mai ilmi, mawaƙiya, wadda ta buɗe gidanta ga masu adabi suna taruwa a na baje kolin baitoci. Su ka so juna, su ka yi ta aike wa juna waƙoƙi, har labarinsu ya cika gari. Sa'an nan abin ya lalace. Masu tarihi sun kawo dalili biyu: waɗansu sun ce ya nuna sha'awa ga wata kuyangarta mai zaƙin murya, waɗansu sun ce ya kushe wani baitinta. Ko wanne ne, laifin daga gare shi ya faro. Wallada ta juya masa baya, wani waziri mai dukiya, Ibnu Abdusa, ya shiga nemanta.

To, jama'a, a nan ne mu ke so ku tsaya ku duba da kyau, gama a nan ne mutum ke zaɓen abin da zai zama. Ibnu Zaiduna ya ɗauki alƙalaminsa, kayan aikinsa wanda ya ke ci da shi, ya rubuta doguwar wasiƙa ta ba'a, ya sa ta a bakin Wallada kamar ita ce ke amsa wa Ibnu Abdusa, ya cika ta da karin magana da sunayen mazan jiya, duk domin ya mai da abokin takararsa abin dariya. Wasiƙar ta yi kyau ƙwarai wajen iya magana, har bayan shekaru 300 Ibnu Nubata na Masar ya rubuta mata sharhi. Amma me ta jawo masa? Wallada ta ga an yi wasa da sunanta ba da izninta ba, fushinta ya ƙaru, ta mai da masa martani da baitocin zambo masu zafi. Ibnu Abdusa ya tashi daga abokin takara ya zama abokin gaba. Aka kai ƙarar Ibnu Zaiduna a kan wata dukiyar mamaci, aka kuma raɗa wa mai gari cewa yana ƙulla dawo da mulkin Umayyawa, sai ga wazirin jiya a kurkuku, ya yi kwana wajen 500. Daga can ya rubuta wasiƙa ta biyu, ta roƙon gafara, zuwa ga Ibnu Jahwar, ba a kula shi ba, sai da ya tsere. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, mu kuwa mun ce ga mai aikin takarda alƙalami shi ne bakin.

Wannan shi ne abu na fari da mu ke so samarinmu su riƙe. Wanda aka ƙi, ya kan ji kamar an tuɓe shi a kasuwa, zuciya ta riƙa raya masa cewa ba zai sami sanyi ba sai ya tuɓe wani. A zamanin Ibnu Zaiduna sai an iya nahawu da balaga kafin a yi irin wannan ɓarna, yanzu kuwa ko wane yaro yana da waya a aljihu, cikinta ga hotunan yarinyar, ga wasiƙun da ta rubuta masa sa'ad da ta amince da shi, kuma cikin ƙiftawar ido zai iya watsa su a Facebook ko WhatsApp. Abin da ta ba ka a asirce amana ne, kuma amana ba ta faɗuwa domin so ya mutu. Wanda ya tona, ya sani cewa magana zarar bunu ce. Ita za ta ji kunya kwana kaɗan, shi kuwa ya sanar da gari ko wane irin mutum ne shi, har iyayen wadda zai nema nan gaba sun ji. In malamin makaranta ne, yaran da ya ke koya wa ladabi su ma sun gani.

Abu na biyu namu ne mu manya. Ba daidai ba ne mu mai da wannan ciwo abin wasa. Cikin 'yan garin Ibnu Zaiduna na zamaninsa akwai Ibnu Hazmi, wanda aka haifa cikin 994 ya rasu cikin 1064, malamin fiƙihu wanda har gobe a ke karanta littafinsa Muhalla. Wannan babban malami bai ji kunyar rubuta littafi mai babi 30 a kan so ba, watau Ɗauƙul Hamama, kuma a ciki ya ba da labarin kansa, cewa wata yarinya mai suna Nu'umu da ya ke so ta rasu tun bai cika shekara 20 ba, ya yi wata 7 bai sake tufafin jikinsa ba saboda baƙin ciki. In mutum irin wannan ya yarda cewa abin ya kayar da shi, wane ne mu da za mu ce wa ɗan shekara 25 ragon namiji domin mun ga ya rame? Dariyar manya ita ke kora yaro zuwa ga masu zuga. Da shugabansa zai kira shi gefe, ya saurare shi, ya rage masa kaya na 'yan makonni, ya kuma gaya masa a fili inda iyaka ta ke, da an tsare mutunci da yawa, da ayyuka da yawa ba su salwanta ba.

Abu na uku shi ne mafi wuyar haɗiya. Bayan Ibnu Zaiduna ya tsere, ya kan saɗaɗo ya dawo kufan Zahra, ya zauna cikin rusassun gine-gine yana tuna kwanakin da su ka wuce. A wannan zamani na rabuwa ya yi waƙarsa Nuniyya, mai baiti wajen 50, wadda har yanzu yaran makaranta ke haddacewa a ƙasashen Larabawa. Babu zagi a cikinta, babu ba'a, sai bege da roƙo da riƙon alkawari. Amma ku lura, Wallada ba ta dawo ba. Waƙar da ta motsa zukatan mutane ƙarni 10 ba ta motsa zuciya ɗayan nan da aka yi ta dominta ba. Muna faɗin haka ne domin littattafan soyayya da finafinai sun koya wa samari cewa wanda ya daɗe yana kuka a ƙofa labudda za a buɗe masa. Ba haka duniya ta ke ba. Mace tana da ikon ta ce a'a, ko da mai nemanta ya fi kowa iya magana, kuma son maso wani ƙoshin wahala ne. Wanda ya ci gaba da tare mata hanya da aike-aike bayan ta yanke magana, ya bar sahun masoya ya shiga na masu matsa wa mutane.

Watakila wani ya ce mana, ai da bai sha wannan wuya ba da ba a sami Nuniyya ba, saboda haka a bar mai ciwo ya nutse cikin ciwonsa, ko a sami lu'ulu'u. Amsarmu ita ce, a Ƙurɗuba ta wancan zamani samari nawa ne aka ƙi, kuma ina waƙoƙinsu? Ciwon kowa ya same shi, amma shekarun da aka yi gaban malamai a na koyon lugga da aruli, waɗannan na Ibnu Zaiduna ne shi kaɗai. Ciwon ya ba shi abin faɗi, karatun ya ba shi bakin faɗa. Wanda ya jefar da littafinsa ko ya saki aikinsa domin yarinya ta ƙi shi, ya yi hasara biyu, gama ba yarinyar, ba kuma abin da zai tashi da shi.

Ku duba yadda sauran rayuwarsa ta kasance. Aka yafe masa, Abul Walidi ɗan Ibnu Jahwar, wanda ya gaji ubansa cikin 1043, ya riƙa aikensa jakadanci wurin sarakunan maƙwabta. Da magabta su ka sake shiga tsakani, sai ya bar garin haihuwarsa cikin 1049 ya tafi Ishbiliya, Sarki Mu'utadid ya ɗauke shi waziri, ya riƙe wannan aiki shekara wajen 20, ya kuma ci gaba a hannun ɗansa Mu'utamid. Da rundunar Ishbiliya ta karɓe Ƙurɗuba ya koma gida yana tsoho, bai jima ba aka sake tura shi Ishbiliya kwantar da wata tarzoma yana fama da rashin lafiya, can ya rasu cikin 1071. Wallada kuwa ba ta taɓa aure ba, ta yi tsawon rai bayansa, kuma an ce Ibnu Abdusa ɗin nan da aka yi wa ba'a shi ya riƙa ɗaukar ɗawainiyarta da dukiyarta ta ƙare. Cikin 1971, cikar shekara 900 da rasuwar mawaƙin, mutanen Ƙurɗuba su ka kafa musu abin tunawa, siffar hannuwa biyu suna miƙa wa juna.

Ba mu ce wazircin Ishbiliya ya warkar da shi ba, gama waƙoƙinsa sun nuna begen Wallada da na Ƙurɗuba bai bar shi ba. Birnin da ya yi mafarkinsa yana yaro bai sake tashi ba, macen da ya so bai same ta ba, muƙamin ma a garin wasu ya riƙe shi. Haka burin ƙuruciya ya ke ga yawancin 'yan Adam. Wanda ya shiga kwalejin horon malamai yana ganin zai gyara ƙasa cikin shekara 10, ya kan kai shekara 40 ya tarar abin da ya gyara aji ɗaya ne, wani lokaci ma yaro ɗaya. Wannan ba abin raini ba ne, kuma wanda ya gane haka da wuri ya fi wanda ya ƙare kwanakinsa yana zaune a kufai. Abin da ya rage wa Ibnu Zaiduna bayan kome ya tafi shi ne aikin hannunsa, shi ya ciyar da shi, shi ya mayar masa da darajarsa, shi ya sa mu ke ambatonsa yau.

Saboda haka ga shawararmu ga wanda abin ya shafa. Ka yi baƙin cikinka, ba laifi, ba kunya. Ka nemi mutum ɗaya mai hankali ka faɗa masa, ka guji majalisar masu zuga. Ka mayar mata da abin da ke nata, ka shafe abin da ba ya mayuwa, kada sunanta ya fita bakinka sai da alheri. Gobe da safe kuma ka riga ƙararrawa zuwa, ko da zuciya ba ta so, gama yaran aji ba su yi maka laifin kome ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah: magatakardan Ƙurɗuba ya rubuta wasiƙa ɗaya cikin fushi, ya biya da kwana 500. Allah ya sanyaya zuciyar ko wane mai ciwo, ya musanya masa da mafi alheri, amin.