Ɗan cin rani da daɗin birni

In an gama girbi, samarin Tajaye da yawa sukan tafi cin rani. Waɗansu su tsaya Tawa ko Kwanni, waɗansu su wuce Yamai, tafiyar fiye da kilomita 400. A ƙauye, hura da makwanci ba a saye. A birni kuwa, ko ruwan sha sai da dala.

Waɗansu na cewa talaka ba ya jin daɗin birni. Wannan magana ba daidai ba ce. Mai hankali yakan kama ɗaki tare da ƴan garinsu, su raba kuɗin haya. Yakan ci dambu ko shinkafa da wake a bakin hanya, ya ƙoshi. Tufafi kuma ya nemi gwanjo.

Abin kallo ma bai da tsada. Daga kan gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ana ganin kogin Kwara da jiragen masunta kyauta. A gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, da kuɗi kaɗan ake ganin zaki da dorina.

Abin da ke cinye jikka shi ne caca, da taba, da kwaikwayon masu hali. Dala 20 kowace rana, a wata ta zama jikka 3. Wanda ya kashe su a banza, damina za ta tarar da shi ba iri, ba cimaka, iyalinsa na jira. Wanda ya adana kuwa, ya ga birni, ya kuma komo gida da abin hannunsa kafin ruwan shuka.