Idan intanet ya ɗauke: rauta ce, igiyar teku ce, ko umarnin hukuma?

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, intanet ya durƙushe a ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka. Manyan igiyoyin sadarwa huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a kusa da gaɓar Kodebuwa. Kodebuwa da Laberiya da Benin da Gana na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma hukumar sadarwar Gana ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar.

Kafin labari ya bazu, mai shagon intanet a Nima ta birnin Akara ko a Zangon Kwatano ba abin da ke gabansa sai fitilun rauta da kwastomomi masu jiran tura kuɗi. A irin wannan hali an saba kashe na'urar a sake kunnawa, a kira mai gyara, ko a ƙara sayen data. Wani ma yakan yanke cewa rautar ta mutu, ya sayi sabuwa. Duk kuɗi ne ke tafiya a kan ciwon da ba a gidan yake ba. Alhali akwai 'yan umarni da ke cikin kowace kwamfuta kyauta, waɗanda cikin minti biyar za su nuna inda hanyar ta yanke.

A kwamfutar Windows ana buɗe baƙar tagar umarni ta hanyar rubuta cmd. Umarni na farko shi ne ipconfig, wanda ke nuna adireshin kwamfutar da na ƙofar fita, wato rautar kanta, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Idan adireshin kwamfutar ya fara da 169.254, ba ta samu adireshi daga rauta ba ke nan, matsalar tana cikin ɗakin: waya ce ta kwance, ko wayifai, ko rautar. Daga nan sai a rubuta ping tare da adireshin rautar. Ping kamar sallama ce a ƙofar gida, ana jiran a amsa. Idan rauta ta amsa, to lafiyarta ƙalau ta wannan ɓangaren, kada a yi gaggawar zuwa kasuwa.

Mataki na gaba shi ne sallama a nesa: ping 8.8.8.8, adireshin Google, ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Idan suka amsa amma shafuka ba sa buɗewa, mai yiwuwa laifin DNS ne, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambobi. Umarnin nslookup tare da sunan shafin yana tabbatar da haka, kuma sau da yawa sauya DNS a saitin rauta ya wadatar. Idan kuwa rauta ta amsa amma na nesa suka yi shiru, matsalar ta fita daga hannun mai shago.

A nan ne tracert, wanda ake kira traceroute a Linux da Mac, yake da amfani. Yana jero duk zangon da saƙo ya yada a kan hanya, da lokacin da ya ɗauka. Idan jerin ya tsaya a zango na biyu, katsewar tana tsakanin shagon da kamfanin sadarwa, kuma kiran kamfanin yana da ma'ana. Idan ya ratsa na'urorin kamfanin lafiya sannan ya mutu, ko lokacin ya ninka sau da yawa daidai inda ya kamata ya fita ƙasar, alama ce ta matsalar hanyar waje, irin ta Maris 2024. Wannan ya fi shafar Nijar da Cadi, waɗanda ba su da teku. Hanyarsu ta bi ta maƙwabta, don haka rezo na iya ɗaukewa a Maraɗi ko Njamena saboda abin da ya faru a wata ƙasa. Sai dai a kula, ganin taurari a layi ɗaya ko biyu na tracert ba ya nufin hanya ta yanke, domin wasu na'urori an saita su ne kada su amsa.

Akwai kuma katsewar da ba haɗari ba ce. A Kamaru an rufe intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma daga Janairu zuwa Afrilu 2017, wata uku cur, har da Bamenda inda Hausawa suka daɗe da zama. A Cadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. A Nijar intanet na wayar hannu ya ɗauke kusan kwana goma bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 2021. Toshewa irin ta Cadi tana da kamanni na daban: ping na amsawa, sauran shafuka na buɗewa, shafukan sada zumunta irin su WhatsApp da Facebook kaɗai ne suka ƙi, kuma da an kunna VPN sai su dawo. Igiyar da ta tsinke ba ta zaɓen manhaja. Rufewa gaba ɗaya irin ta Bamenda ta fi wuyar ganewa daga cikin shago, domin a allo kusan ɗaya take da lalacewar kamfani, sai an kwatanta layukan kamfanoni daban-daban ko an tambayi dangi a wani gari.

Bai kamata a ɗora wa umarnin nan abin da ya fi ƙarfinsu ba. Suna nuna inda saƙo ya tsaya, ba sa faɗin wanda ya tsayar da shi ko dalilinsa. Kafin a zargi wata hukuma a fili ana buƙatar awo daga wurare da yawa, aikin da ƙungiyoyi irin su NetBlocks da OONI ke yi. Amma ga al'ummar da kasuwancinta da zumuncinta suka ratsa iyakoki, daga dillalin goro zuwa ɗalibin da ke jiran kuɗin makaranta daga gida, sanin ko katsewar ta minti goma ce ko ta mako biyar shi ke raba tsakanin a jira da a nemi wata hanyar aika kuɗi tun yau. Kamfanoni ba kasafai suke bayani da wuri ba, kuma idan sun yi, da Faransanci ko Ingilishi ne.

Giɓin da ya rage shi ne yawancin mutane ta waya suke shiga intanet, ba kwamfuta ba. Akwai manhajojin Android da ke yin ping da traceroute, kuma OONI Probe na gwada ko an toshe WhatsApp ko Facebook a layin da mutum yake. Dole a sauke su tun rezo na nan. OONI kuma yana wallafa sakamakon gwajinsa a fili, abin da ya kamata mai zama a ƙasar da hukuma ke sa ido ya sani kafin ya danna.